Wadanni masu jar hula: yadda samarin Polan suka kori tsoro da dariya

 Yau filin namu na tarihi zai kai mu nesa, ƙasar Polan, wadda masu Faransanci ke kira Pologne.

Masu shekaru a cikinmu sun tuna 1989, shekarar da gwamnatocin gurguzu na gabashin Turai suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya, har aka ce iskar gabas ta taso, ta kuma kaɗo har nan Afirka. In ana ba da labarin, sunayen da ake ji su ne Lech Walesa da Gorbacof da katangar Berlin. Akwai wasu da ba a cika ambatawa ba: samari da ƴan mata na wani birni mai suna Wroclaw, waɗanda ba su ɗauki bindiga ba, ba su jefi kowa da dutse ba. Makaminsu jar hula ne, da fenti, da takardar bayan gida. Abin kamar tatsuniya, amma ya faru, hotunansa suna nan.

Kafin mu kai ga dariyar, sai mun fara da abin da ba na dariya ba, don in ba a san girman tsoron ba, ba za a gane abin da yaran nan suka yi ba.

Tun bayan yaƙin duniya na biyu Polan ke ƙarƙashin jam'iyya ɗaya ta kwaminis, da goyon bayan Tarayyar Sobiyet. A watan Agusta 1980 ma'aikatan masana'antar ƙera jiragen ruwa ta birnin Gdansk suka shiga yajin aiki, daga nan aka haifi ƙungiyar ƙwadago, sandika kamar yadda muke cewa a nan, mai suna Solidarnosc, wato haɗin kai. Cikin shekara guda mutanenta suka kai kusan miliyan 10. Ranar 13 ga Disamba 1981 Janar Jaruzelski, sojan nan da kullum ake gani da baƙin tabarau, ya kafa dokar soja. Tankoki suka fito titi, aka yanke wayoyin tarho, aka hana fitar dare, aka kwashe dubban mutane aka tsare. Kwana uku bayan haka aka harbe ma'aikata 9 a ramin haƙar kwal na Wujek. Ranar 31 ga Agusta 1982 aka sake harbe mutum 3 a garin Lubin, wanda ba shi da nisa da Wroclaw. A 1984 jami'an leƙen asiri suka sace wani limamin Katolika mai suna Popieluszko, suka kashe shi.

An ɗage dokar sojan a watan Yuli 1983, amma rayuwa ba ta gyaru ba. Nama da kati ake saye. Mace za ta yi sammako ta tsaya layi a ƙofar kanti, wani lokaci ba ta ma san abin da za a kawo ba. Ƴan adawa suna nan, sai dai a ɓoye: ana buga jaridu a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, ana taruwa a coci. In aka kira zanga-zanga, ƴan sandan kwantar da tarzoma da ake kira ZOMO su zo da kulki da hayaƙi mai sa hawaye da motocin feshin ruwa. Shekara bayan shekara masu fitowa suna raguwa. Ba wai mutane sun yarda da gwamnati ba ne. Sun gaji ne, kuma kowa na tsoron rasa aikinsa ko a kori ɗansa daga jami'a.

To, a cikin wannan hali ne wani ɗalibin tarihi na jami'ar Wroclaw ya fito da wata dabara. Sunansa Waldemar Fydrych, an haife shi a 1953, kowa kuma Manjo yake ce masa. Ba soja ba ne. Ana ba da labarin cewa da aka kira shi aikin soja na dole, sai ya nuna wa likitoci zumuɗin son soja fiye da kima, yana ɗaukar kansa babban hafsa, har suka yanke cewa da sauran gyara a kansa, suka sallame shi. Sunan ya bi shi. Ku riƙe wannan labari, don duk abin da ya yi daga baya haka yake: ba ya ce wa mai iko a'a, yakan ce masa i ne, har i ɗin ta zama abin dariya.

Ga yadda aka fara. A lokacin dokar soja, masu adawa kan fita da dare su rubuta maganganun sukar gwamnati a jikin bango. Da safe hukuma ta aiko a shafe rubutun da fenti. Sai birni ya cika da tabo-tabon fenti, kowa ya gani ya san a nan an rubuta wani abu. A ƙarshen Agusta 1982 Manjo da wani abokinsa suka fara bin waɗannan tabo suna zana ɗan wada a kai, mai hula mai tsini, wani lokaci da fure a hannu. Wadan nan na tatsuniyoyin yaran Polan ne, ɗan mitsitsin mutum mai zama a gida ko a daji yana taimakon mutane. Babu kalma ko ɗaya ta siyasa. Aka yi ta zanawa a Wroclaw da sauran birane har suka haura dubu.

Yanzu ku sa kanku a matsayin hukuma. A bar wadan? Yana nuna wa kowa inda aka shafe magana. A shafe shi? Sai a ce gwamnati mai tankoki tana yaƙi da ɗan wadan tatsuniya. Da aka kama Manjo a birnin Lodz aka tambaye shi me yake nufi, sai ya amsa musu da karatunsu. A makarantun kwaminis ana koyar da cewa abu da kishiyarsa in sun yi karo sukan haifi na uku. Ya ce rubutun shi ne abu, fentin hukuma kishiyarsa, wadan kuwa ɗan da suka haifa, saboda haka shi aikin gurguzu tsantsa yake yi.

Sunan tafiyar tasu da harshensu Pomaranczowa Alternatywa, ma'ana wata hanya dabam mai launin ruwan lemo. Ana bayyana launin da cewa yana tsakanin ja na kwaminis da rawaya na cocin Katolika, inda akasarin ƴan adawa suka fake. Sun kuma yi koyi da wasu matasan ƙasar Holan da suka yi irin wannan tsokana shekaru kafin su. Ba su da ofis, ba su da katin zama ɗan ƙungiya, ba su da jerin buƙatun da suke son gwamnati ta biya. Wannan ma ya rikita ƴan leƙen asiri, don sun saba neman shugaba da ma'aji da injin buga takardu.

Abin ya bunƙasa sosai a 1987, lokacin da suka sauko daga bango suka shiga titi. Wurin haɗuwarsu titin Swidnicka ne, a tsakiyar birni, da la'asar, daidai lokacin da ma'aikata ke komawa gida. Ranar 1 ga Yuni, ranar yara a ƙasashen gurguzu, suka fito da jajayen huluna irin na wadanni suna raba wa masu wucewa, ana rawa, ana rabon alewa. Ƴan sanda suka zo suka fara kame. Amma wa za a kama? Duk mai hula. Yara na kallo ana tura wadanni cikin mota. Manjo ya sha faɗin cewa ɗan sandan da ya zaunar da kai yana tambayarka dalilin da ya sa ka halarci haramtaccen taron wadanni, ba za ka sake jin tsoronsa kamar da ba. Shi ma ɗan sandan, da ya koma komisariya, dole ya zauna ya rubuta rahoto da hannunsa cewa ya kama wadanni kaza.

A watan Oktoba na shekarar suka taɓo inda ke yi wa kowa ƙaiƙayi. A can, takardar bayan gida abu ce ta dole a kowane gida, kamar buta a wurinmu, amma ta yi wuyar samu. In ta zo kanti, za ka ga babban mutum ya zura naɗi goma a igiya ya rataya a wuya yana tafiya gida da alfahari. Sai yaran nan suka sanar cewa za su taimaka wa gwamnati da rabo na adalci. Suka tsaya a titi suna yaga takardar falle-falle, suna miƙa wa kowa nasa cikin ladabi, suna tambaya wai wa ke tsoron takardar bayan gida. Aka kama su. Mai kallo ba ya buƙatar a yi masa jawabi a kan tattalin arziki: gwamnatin da ta kasa kawo takarda, ga ta tana kama wanda ya kawo.

Ranar 7 ga wannan wata ita ce ranar bikin ƴan sandan gwamnati. Suka zo da furanni suna taya su murna, suna yi musu kirari. Nan ma aka kama su, da furannin a hannu.

Wanda ya fi duka, a ganinmu, shi ne na 6 ga Nuwamba 1987. Kowace shekara ranar 7 ga Nuwamba ƙasashen gurguzu kan yi bikin juyin juya halin Rasha na 1917, da fareti da dogayen jawabai da ba mai saurare. Manjo da mutanensa suka ce ai biki mai girma irin wannan ya cancanci a yi masa jajibiri. Suka raba takardu suna kiran jama'a su fito da jan kaya, launin jam'iyya. Wanda ba shi da jar riga ya sa jar hula, ko ya aro jar jakar maƙwabciya, in duk babu, ya sayi burodi a zuba masa jan tumatir ya riƙe. Suka ƙera jiragen ruwan yaƙi da kwali, ɗaya suka sa masa Aurora, ɗaya Potemkin, sunayen jiragen da kowane ɗan makaranta a can ya haddace a darasin tarihin juyin juya hali. Suka fito da jajayen tutoci suna yabon juyin da gwamnati ke taƙama da shi. Ƴan sandan gwamnatin kwaminis suka afka wa jiragen kwali, suka bi titi suna kama mutane saboda sun sa ja. A ranar an ga abin da shekaru na rubuce-rubucen ɓoye suke ta ƙoƙarin faɗa: masu mulkin ba su yarda da taken nasu ba, abin da suke tsoro kawai shi ne mutane su taru ba da izininsu ba, ko da yabo suka zo yi.

Bayan wata guda, ranar 6 ga Disamba, suka fito cikin shigar tsohon nan mai farin gemu da jar riga da ake ce wa yaran Kirista shi ke kawo musu kyauta, wanda muka sani da Père Noël. Aka kwashe su. Jama'a suka taru suna ihu a saki tsoho.

Akwai kuma wasa da kalma, wanda mu Hausawa ba baƙonmu ba ne. A harshensu, in an ce a kawar da zafin rana, kalmar ita ce upalami. In ka cire harafin farko ta koma palami, wato kulake. Sai samari suka jeru, kowa da harafi guda a gaban rigarsa, suna zanga-zangar ƙin zafi. In mai harafin U ya ɗan matsa gefe, rubutun ya koma a kawar da kulki. In ɗan sanda ya matso, ya dawo wurinsa, ga su nan bayin Allah masu kukan zafi. A Lodz kuma, inda wasu matasa suka ɗauki salon, lokacin da farashin kaya ke tashi ba ƙaƙƙautawa, suka rataya alluna masu cewa su ne hauhawar farashi mai sukuwa, suka yi ta gudu a babban titi. Da ƴan sanda suka tare su, sai aka taya hukuma murna: yau dai ta tsayar da hauhawar farashi.

Mutanen Damagaram da suka san wasan kara, inda samari ke shigar shugaban ƙasa da ministoci da sojoji da bindigogin kara, za su ce ai wannan namu ne. Da kama, amma da bambanci babba. Wasan kara da tashe al'ada ce ta ba su fili, manya na zaune suna kallo suna dariya, har su yi kyauta. Su waɗannan ba wanda ya ba su fili. Duk wanda ya sa hular nan ya san yana iya kwana a komisariya.

Kuma an biya farashi. Yawanci ana tsare mutum sa'o'i, ko kwana biyu, a ci shi tara a sake shi, amma sunansa ya shiga takardun ƴan leƙen asiri, abin da kan iya bin ɗalibi har wurin neman aiki. Ranar 8 ga Maris 1988, ranar mata ta duniya, wadda gwamnati ke yi wa biki da furanni da jawabai, Manjo ya fito yana raba audugar mata, wadda ita ma ta ɓace a kantuna. Aka kama shi aka yanke masa zaman gidan kaso. Sai abin ya juye wa hukuma. Marubuta da masu fasaha sanannu suka sa hannu a takardar neman a sake shi, jaridun waje suka ɗauki labarin mutumin da aka ɗaure saboda audugar mata. Ba a jima ba aka sallame shi.

Daga nan taron ya fi ƙarfin motocin kame. Ranar 1 ga Yuni 1988 mutane fiye da dubu 10 suka ratsa Wroclaw da hulunan wadanni masu ruwan lemo, a abin da suka kira juyin juya halin wadanni. Shekara guda kafin nan ƴan tsiraru ne. Salon ya kuma bazu zuwa Warso, babban birnin ƙasar, da Lublin.

Me ya sa mutanen da suka daina fita zanga-zanga suka fito wannan? Mu dai ga yadda muka fahimce shi. Zanga-zangar da aka saba tana neman jarumi: ka fito, ka san za a doke ka, ka daure. Jarumai kuwa ba su da yawa a kowace ƙasa. Wannan kuwa ƙofarta a buɗe take ga mai ɗan tsoro. Kana iya tsayawa gefe kana kallo, ba laifi ka yi ba. Ka yi dariya, wa zai kama ka don dariya? Wani ya miƙo maka hula, ka karɓa. Kafin ka ankara kana tsakiyar taro, ka kuma ga maƙwabcinka da kake zaton ɗan gwamnati ne, shi ma yana dariya. Mulki irin wannan yana rayuwa ne a kan kowa ya zaci shi kaɗai ne bai yarda ba. A ɗaya gefen kuma, ɗan sanda an horar da shi ya fuskanci mai jifa da mai zagi. Ba wanda ya koya masa abin da zai yi da mai ba shi fure. In ya ɗaga kulki ya zama azzalumi a idon mata da yara, in ya sauke ya bar wa mutane titi.

Sai dai kada labarin ya yi daɗi har mu ɗora masa abin da bai ɗauka ba. Wadanni ba su ne suka kayar da gwamnatin Polan ba. Tattalin arzikin ƙasar ya riga ya durƙushe, bashin waje ya yi mata katutu. A Nuwamba 1987 gwamnati ta kira ƙuri'ar raba gardama kan gyare-gyarenta, ba ta samu rinjayen da doka ta nema ba. A Fabrairu 1988 ta ƙara farashin abinci da kusan kashi 40 cikin ɗari, sai yajin aiki ya ɓarke a ƙarshen Afrilu har zuwa watan Mayu, ya sake ɓarkewa a Agusta. A Mosko kuma Gorbacof ya nuna ba zai aiko tankoki su ceci kowa ba. Waɗannan ne suka tilasta wa Jaruzelski zama teburin shawara da Solidarnosc daga Fabrairu zuwa Afrilu 1989. A zaɓen da aka fara ranar 4 ga Yuni 1989 Solidarnosc ta lashe kujeru 99 cikin 100 na majalisar dattawa, da dukkan kujeru 161 da aka yarda a yi takara a kansu a majalisar wakilai. A watan Agusta Tadeusz Mazowiecki ya zama firaminista, na farko da ba kwaminis ba a wannan yanki cikin shekaru kusan 40.

Lokaci ma ya taimaki masu hula. A 1982, sa'ad da ake harbi a titi, da dare suke zane a ɓoye. Sai da gwamnati ta fara neman rance da mutunci a wurin Turawan yamma, ta fara jin kunyar kyamara, sannan wasan titi ya yiwu. Dariya tana cin mai mulkin da ke da sauran kunya ne. Ranar 4 ga Yuni 1989 ɗin nan da Polan ke zaɓe, a birnin Bejin na ƙasar Sin tankoki ne suka shiga kan ɗalibai.

Ko a cikin ƴan adawa ba kowa ya so abin ba. Mutumin da ya yi shekaru a kaso, ko aka kashe masa aboki, yana iya ganin rawa da hular wada a matsayin raina wahalarsa. Muna ganin uzurinsa. Amma samarin da suka taso bayan 1981 ba su ga lokacin ƙarfin Solidarnosc da idonsu ba, taken manya da jerin gwanon makoki ba sa motsa su. Da yawansu a titin Swidnicka suka fara tsayawa gaban ɗan sanda ba tare da gwiwa ta yi sanyi ba.

Shi kansa Manjo ya tsaya takarar majalisar dattawa a zaɓen 1989, bai ci ba. Da gwamnatin da yake tsokana ta tafi, taron nasa ya watse sannu a hankali.

Wadannin kuwa suna nan. A 2001 aka kafa gunkin wada a titin Swidnicka don tunawa da abin da ya faru a wurin. Daga 2005 aka fara dasa ƙananan wadanni na tagulla a lunguna da ƙofofin shaguna, yau sun kai ɗaruruwa, baƙi masu yawon buɗe ido na bi da taswira suna ƙirga su, yara na ɗaukar hoto da su. Hukumar birnin ta mayar da wada tambarin tallata Wroclaw. Manjo ya ce hoton nasa ne aka ɗauka ba da izininsa ba, ya kai hukumar birnin kotu, kotu kuma ta ba shi gaskiya.